Inji da Ma'ana: Sharhi Bisa Hausar Maraɗi

Tun daga 2022, shekarar da ChatGPT ya fito, wani ra'ayi ya bazu cewa injin da ke tsara jimla daidai ya fahimci abin da take nufi. Manufar wannan ɗan sharhi ita ce auna wannan ra'ayi da Hausar Maraɗi.

Da farko ya kamata a san yadda injin ke aiki. Ana ɗura masa ɗimbin rubuce-rubuce, shi kuwa ya ƙididdige wace kalma ta saba zama kusa da wace, har ya iya hasashen mai biyowa. Wannan ya dace da koyarwar Saussure, cewa darajar kalma tana fitowa ne daga dangantakarta da ƴan uwanta. Dabarar ba abar rainawa ba ce. Rubutunmu ba ya nuna karin sauti, amma maƙwabtan kalma sun isa su raba "kuka" ta miya da "kuka" na jariri, kuma injin yana iya yin haka.

Matsalar tana ga ma'anar da ba a cikin jimla take ba. Ga misalai:

(1) Mushe ya iso lakwal.
(2) Na saye shi dala ashirin a kasuwar Jiratawa.
(3) Sarkin Katsina ya ziyarci Sarkin Gobir.

A (1), mutumin Maraɗi malamin makaranta yake nufi, da kalmar aro daga Faransanci, alhali a Kano "mushe" dabbar da ta mutu ba yanka ce. A (2), kuɗin sefa 100 ne, domin dala ɗaya sefa 5 ce. Ba kuɗin Amurka ba ne. A (3), sarkin da ke zaune Maraɗi ne ya je Tibiri, domin zuriyar sarakunan da suka bar Katsina bayan jihadin 1804 ta riƙe sunan sarautarta.

Galibin Hausar da ke intanet ta Nijeriya ce, saboda haka can injin zai karkata. John Searle ya faɗa a 1980 cewa juya alamomi dabam, fahimta dabam. Mu kuwa damuwarmu ta fi kusa: ko da an yarda injin yana fahimta, iyakar fahimtarsa iyakar abin da aka ciyar da shi.

Don haka muna ba masu tsara yaƙi da jahilci shawara biyu. Kada littafin koyon karatu da inji ya fassara ya shiga aji sai ɗan ƙasa ya tace shi. Sa'an nan a himmatu ga rubuta maganar Maraɗi, Tibiri da Jiratawa yadda ake yin ta, domin abin da ba a rubuta ba, injin ba zai san da shi ba.