Ɗan kokowa ma yana da bakin ciniki

Duk shekara idan gasar kokowa ta takobi ta matso, sai maganar ta dawo a majalisu daga Madawa zuwa Buza da Kaita: wane ya bar Tawa, bana wata jaha zai yi wa kokowa. Nan take a ce ya ci amana, ya sayar da garinsu. Ni ban yarda da wannan hukunci ba, kuma yana ci mini rai.

A birnin Tawa aka buɗe wannan gasa a 1975, Kantu na Maradi ya tafi da takobin. Yau jaha takwas ke haɗuwa, kowace da 'yan kokowa goma. Goma kacal. A ƙasar Adar, inda bayan kaka kusan kowane gari ke share fili a kafa ganga, wanda ya zo na goma sha ɗaya zai iya kayar da gwanin wata jaha. To ya zauna gida yana sauraron rediyo har ƙarfinsa ya wuce? Shekarun ɗan kokowa ba su da yawa. Gwiwa ta goce sau ɗaya, shi ke nan, maroƙa sun koma kan wani.

'Yan ƙwallon kwando na Amurka sun sha irin wannan ɗauri. A da, ƙungiyar da ta fara ɗaukar ɗan wasa ita ke riƙe da shi, ko kwantiraginsa ya ƙare. Oscar Robertson, shugaban ƙungiyar 'yan wasan NBA a lokacin, ya kai ƙara kotu a 1970, aka yi ta ja har 1976 kafin a sasanta. Daga nan ƙofa ta fara buɗewa, har ya zama wanda wa'adinsa ya cika zai saurari tayin kowa. Da LeBron James ya bar Cleveland zuwa Miami a 2010, magoya baya sun ƙona rigarsa a titi, amma babu wanda ya iya tare masa hanya.

Ba miliyoyin daloli nake nema wa yaranmu ba. Takarda nake nema musu. Yaron da ya baro lambun albasarsa a fadamar Tarka ya shiga sansanin horo, ya kamata ya san nawa za a ba shi, yaushe, kuma wa zai biya magani idan kafaɗa ta fita. Alkawarin baki na wani mai kuɗi ranar da ya ji daɗin kaye ba ya ciyar da gida har damina. A Senegal manyan 'yan kokowa kan yi ciniki da masu shirya wasa kafin su taka fili, ba a kuma ce sun zubar da al'ada ba.

Masu ƙorafi suna da tasu gaskiyar, na sani. Akwai tsohon ɗan kokowar da ya koya wa yaron kamu, akwai garin da ya yi masa karo-karon hatsi. Sai hukumar kokowa ta ƙasa ta tsayar da lokacin sauya jaha, ta kuma sa jahar da ta ɗauke shi ta biya wani kaso ga inda ya taso. Shi kuma ɗan kokowar a zauna da shi lokacin cinikin, tare da wani nasa da ya iya karatu.