Gani Ya Kori Ji? Sharhi Kan Finafinai Uku Na Narkewar Ƙanƙarar Duniya

Mai karatu, in dai kana taɓa kallon finafinan Turawa, da wuya a ce ba ka ci karo da "The Day After Tomorrow" ba, fim ɗin nan da ruwa ya cinye birnin New York, daga baya ƙanƙara ta daskarar da shi. Da yawa sun ɗauke shi fim ɗin tashin hankali kawai, a kalla a ce kai Bature ya iya haɗa hoto, shi ke nan. To amma shi ne na farko cikin wasu finafinai uku da Amurkawa suka yi tsakanin 2004 da 2012 kan magana guda, wato narkewar ƙanƙarar da ke ƙuryar arewa da ƙuryar kudancin duniya. Sauran biyun su ne "An Inconvenient Truth" da "Chasing Ice". A wannan watan su nake so mu ɗora a sikeli, mu ga wanne ya fi riƙe gaskiya, wanne ya fi zama fim, kuma me ya sa duk ukun suka kasa raba gardamar da aka yi su dominta.

Kafin nan, ga abin da ake gardamar a kai a taƙaice. Ƙuryar arewa teku ce da ƙanƙara ta lulluɓe, ita kuwa ta kudu, Antatika, ƙasa ce da ƙanƙara ta danne. Farar ƙanƙara tana mayar da hasken rana sama, ruwan teku kuwa mai duhu ne, shanye zafin yake yi. Duk wanda ya taɓa shiga rana da baƙar riga ya san bambancinta da fara. Da zarar ƙanƙarar ta ɗan ja baya sai ruwa ya bayyana, ya ɗauki zafi, ya ƙara narkar da ta kusa da shi. Wannan na cikin dalilan da suka sa yankin arewan yake ɗumama fiye da ko'ina. Wani bincike da masana na ƙasar Finlan suka jagoranta a 2022 ya nuna tun daga 1979 saurin ɗumamarsa ya kusa ninka na sauran duniya sau huɗu. A Satumbar 2012 ƙanƙarar tekun ta tsuke zuwa murabba'in kilomita miliyan 3.4, wajen rabin abin da aka saba gani a wannan wata tsakanin 1979 da 2000.

Fim na farko Roland Emmerich ne daraktansa, ya fito a 2004. Dennis Quaid ya fito a matsayin Jack Hall, masanin yanayi da ke gargaɗin cewa ruwan ƙanƙarar da ke narkewa zai tsayar da igiyar ruwan ɗumi ta tekun Atilantika, sanyi ya rufe arewacin duniya. Fitowar farko an yi ta a Antatika, inda ƙanƙara ta tsage a ƙarƙashin ƙafar su Jack. Wannan ba ƙirƙira ba ce zalla, domin a 2002 wani falalen ƙanƙara mai suna Larsen B, wanda faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 3,000, ya wargaje cikin 'yan makonni. Daga nan fa sai darakta ya saki linzami. Abin da masana ke tsoron zai iya faruwa cikin shekaru masu yawa, shi ya gama shi a 'yan kwanaki. Guguwa ta niƙe Los Angeles, jirgin ruwa ya shigo titin New York, man jirage masu saukar ungulu ya daskare suna cikin tafiya a sama. Har sanyi ya riƙa bin mutane a guje cikin gini sai ka ce ɗan daba, suka banko ƙofa suka tsira! Kyarketan da aka haɗa da kwamfuta kuwa, ko a lokacin ba su yi kama da dabba ba.

Duk da haka akwai wurin da fim ɗin ya burge ni, kuma wurin na siyasa ne. An ɗauko Kenneth Welsh ya fito a mataimakin shugaban ƙasa Becker, mutumin da kamanninsa sak na Dick Cheney, mataimakin George W. Bush a lokacin. Becker ya yi fatali da gargaɗin Jack da hujjar tattalin arziki ba zai ɗauka ba, kusan irin hujjar da gwamnatin Bush ta bayar da ta juya wa yarjejeniyar Kyoto baya a 2001. Sai ga Amurkawa suna tsallaka kogi suna gudun hijira zuwa Meziko, Meziko kuma ta rufe iyaka. Wannan juyin waina ya fi duk guguwar fim ɗin ma'ana. Matsalar ita ce ƙaryar da aka cusa ta ba masu musun ɗumamar yanayi abin dariya a sauƙaƙe. Fim ɗin ya tara sama da dala miliyan 500, amma mai kallo zai tashi da tunanin cewa in bai ga ƙanƙara ta binne gari cikin mako guda ba, to babu abin da ke faruwa.

Na biyun, wanda Davis Guggenheim ya ba da umarni a 2006, ba wasan kwaikwayo ba ne. Lacca ce Al Gore yake gabatarwa da hotuna da zane-zanen lissafi, aka ɗauka aka tace. Za ka ce wa zai zauna ya kalli lacca a sinima? To an kalla, har ya kawo kusan dala miliyan 50, ya ci lambar Oscar biyu a 2007, kuma a shekarar Gore ya raba kyautar Nobel ta zaman lafiya da kwamitin masana yanayi na Majalisar Ɗinkin Duniya. Fitowar da ta fi tsaya mani ita ce inda yake nuna yawan iskar kabon na shekaru 650,000, wanda aka auna daga kumfar iskar da ke maƙale cikin ƙanƙarar Antatika. Layin zanen ya yi sama har hannunsa ya kasa kaiwa, sai ya hau na'urar ɗaga mutum irin ta masu gyaran fitilar titi. A nan darakta ya mayar da lissafi abin da ido zai gani, kuma wannan shi ne aikin fim.

Sai dai in ɓera da sata, daddawa ma da wari. A Oktobar 2007 wani alƙalin babbar kotu a Landan, Michael Burton, ya duba ƙarar da aka kai kan nuna fim ɗin a makarantu. Ya ce ginshiƙin fim ɗin yana kan bincike na gaskiya, ya bari a ci gaba da nunawa da sharaɗin a haɗa da bayani ga malamai, amma ya lissafa wurare tara da Gore ya wuce abin da hujja ta tabbatar. Ɗaya daga ciki a ƙofar gidanmu yake: Gore ya nuna ƙafewar Tafkin Chadi a matsayin aikin ɗumamar yanayi, alƙalin kuwa ya ce ƙaruwar jama'a da yawan kiwo da sauye-sauyen ruwan sama na yankin sun fi kusa da zama dalili. Wani wurin shi ne batun teku ta tashi ƙafa 20. Gaskiya ne ƙanƙarar da ke kan tudu a Girinlan in ta narke duka za ta ɗaga teku wajen mita 7, saɓanin wadda take yawo a kan ruwa, da ita tamkar ƙanƙara ce cikin kofin zoɓo, narkewarta ba ta sa kofi ya tumbatsa. Amma Gore bai fito fili ya ce wannan aiki ne na ɗaruruwa ko dubban shekaru ba, sai ya nuna taswirar birane suna nutsewa.

Babban raunin fim ɗin a ganina ya wuce waɗannan kurakurai. Guggenheim ya gina shi ne kan mutumin. Mun ga yarintar Gore a gonar taba, mun ji rasuwar yayarsa da kansar huhu, an maimaita mana zaɓen 2000 da Bush ya kayar da shi da ƙuri'a 537 a Florida. A matsayin labari wannan ya yi daɗi. To amma ka tuna kusan rabin masu zaɓe a Amurka ba su zaɓi mutumin nan ba. Ka ɗauka a ce ɗan takarar da ka tsana ne ya tsaya awa ɗaya da rabi yana koya maka darasi, yana kuma sako habaici ga gwaninka. Ko gaskiya yake faɗa, kunnenka zai buɗe?

Ba wai Gore ne ya haifi rabuwar ba, kamfanonin mai da kwal sun daɗe suna zuba kuɗi don a shuka shakku. Amma a da maganar ba ta jam'iyya ɗaya ba ce. Bush uba, ɗan Rifablikan, shi ya sa wa yarjejeniyar yanayi ta Rio hannu a 1992. A 2008 John McCain ya yi takarar shugaban ƙasa a jam'iyyar yana goyon bayan taƙaita hayaƙi, kuma a shekarar Newt Gingrich ya zauna kujera ɗaya da Nancy Pelosi ta Dimokrat a wata tallar talabijin kan batun. Zuwa 2011 Gingrich da bakinsa yake kiran tallar wauta. Cikin shekara uku abin da ya canza lissafin siyasa ne, ita ƙanƙarar tana nan tana narkewarta.

Wannan ya kawo mu ga na uku, "Chasing Ice" na Jeff Orlowski, wanda ya fito a 2012, kuma shi ne zaɓina. Jaruminsa James Balog mai ɗaukar hoto ne, ba ɗan siyasa ba, kuma ya faɗa a fim ɗin cewa shi kansa a da yana da shakku. Daga 2007 ya kakkafa kyamarori fiye da ashirin a jikin duwatsu a Girinlan, Aislan, Alaska da Montana, suna fuskantar manyan kogunan ƙanƙara, suna ɗaukar hoto lokaci-lokaci muddin da hasken rana. Da aka jera hotunan shekaru aka gudu da su cikin daƙiƙoƙi, sai ka ga tsaunin ƙanƙara yana ja da baya yana motsewa tamkar balan-balan da aka huda. Matsalar da Emmerich ya warware da ƙarya, wato yadda za a nuna abu mai tafiyar hawainiya a majigi, Balog ya warware ta da haƙuri.

Ƙololuwar fim ɗin ita ce abin da suka kama a kogin ƙanƙara na Jakobshavn kusa da Ilulissat a Girinlan, a watan Mayun 2008, bayan sun yi kwanaki a tanti suna jira. Tsawon minti 75 gaban ƙanƙarar yana karyewa, gungume-gungume masu tsawon benaye suna tasowa daga ƙarƙashin ruwa suna kifewa. Ba a cika wurin da kiɗa ko surutu ba, an bar rugugin ya yi magana. Don ka gane girman abin, sai aka ɗora hoton wani yanki na Manhattan a kai. Ban san wata fitowa a finafinan bala'i na Holiwud da ta kai wannan tayar da tsigar jiki ba.

Shi ma yana da nasa aibin. An ɓata lokaci da yawa kan ciwon gwiwar Balog da tiyatar da aka yi masa, har wani sa'in ka rasa ko ƙanƙara ake bi ko jarumtarsa. Da ƙyar za ka ji muryar mutanen Girinlan, alhali su ke farauta da tafiya a kan ƙanƙarar. Sannan ya nuna masu musu a gutsattsarin labaran talabijin, amma bai bi sawun kuɗin da ke bayansu ba. Da alama Orlowski ya yi imani cewa in mutum ya gani da idonsa magana ta ƙare.

Nan ne karin maganarmu ta gani ya kori ji ta gamu da cikas. Lawrence Hamilton, masanin zamantakewa a Jami'ar New Hampshire, ya yi shekaru yana yi wa Amurkawa tambayoyi kan ƙuryoyin duniya biyu. Ya gano in tambayar ba ta taɓa siyasa ba, misali ko ƙuryar arewa ƙanƙara ce a kan teku ko a kan tudu, to mai ilmi ya sani, marar ilmi ya kuskure, ba ruwan jam'iyya. Amma da an tambayi ko ƙanƙarar tekun arewa ta ragu, abin da tauraron ɗan'adam yake aunawa tun 1979, sai amsar ta bi ra'ayin siyasar mutum. Shi ya sa shekara uku bayan "Chasing Ice", a Fabrairun 2015, Sanata James Inhofe na Oklahoma ya shiga zauren majalisar dattawa da curin dusar ƙanƙara a hannu, wai hujjarsa ke nan cewa duniya ba ta ɗumama, kuma a lokacin shi ne shugaban kwamitin muhalli. Shi ya sa kuma Amurka ta shiga yarjejeniyar Paris ta 2015 a zamanin Obama, Trump ya fitar da ita a 2020, Biden ya mayar da ita a 2021, Trump ya sake sa hannu kan ficewa a Janairun 2025, 'yan makonni bayan ƙarewar 2024, shekarar da ta fi duk waɗanda suka gabace ta zafi tun da aka fara aunawa.

Dubi kuma wa ya kalli wanne. Fim ɗin da ya fi ƙarya shi ya cika sinimu a duniya, wanda ya fi gaskiya bai tara ko dala miliyan biyu a sinimun Amurka ba, kuma ba sai an faɗa maka ba, mai musun ɗumamar yanayi ba shi ne zai yanki tikitin irin wannan fim ba. Darasin ga duk mai yin fim ɗin faɗakarwa a bayyane yake: ɗan kallo yana fara auna wanda ke magana kafin ya auna maganar, don haka zaɓen bakin da za a sa saƙo a ciki rabin aikin ne.

Shawarata, mai karatu, ka nemi ukun ka kalla, amma ka juya jerin. Fara da "Chasing Ice" don ka ga abin da idonka. Bi da na Gore don ka ji dalilin, kana riƙe da gyaran da alƙalin Landan ya yi masa. Na Emmerich ka bar shi ƙarshe, ranar da kake son nishaɗi, kuma in an zo wurin da Becker ya fito a talabijin daga Meziko yana amsa laifinsa yana gode wa ƙasashe matalauta da suka karɓi mutanensa, ka saurara da kyau. Cikin duk ƙarairayin fim ɗin, har da kyarketan kwamfuta, wannan ce na fi kasa yarda da ita.