Fallen Jan Ƙarfe a Kan Memorin Katin Girafik: Ganganci Ne ko Gwaninta?

Akwai hukuncin da masu gyaran kwamfuta da dama suka yanke tuntuni, suna kuma nanata shi ga duk wanda ya tambaye su: wai cire tamal fad, wato shimfiɗar nan mai laushi da ke kai zafi ga ƙarfen sanyaya, daga kan memorin katin girafik a maye gurbinsa da fallen jan ƙarfe ganganci ne, aikin masu neman suna a YouTube, kuma ƙarshensa kati ya ƙone. Hujjarsu ita ce jan ƙarfe yana ɗaukar wutar lantarki, sannan ba ya lotsawa idan an danne shi. Duka biyun gaskiya ne. Hukuncin da suka ɗora a kai ne ban yarda da shi ba.

Dabarar ma ba sabuwa ba ce. Tun zamanin firosesan Athlon na AMD, wajen shekarar 2000, ana sa fallen jan ƙarfe a kewayen cif don kada ƙarfen sanyaya ya ɓantare masa gefe. A 2008, da cif ɗin Nvidia suka riƙa mutuwa a cikin laftof irin su HP dv6000 da dv9000, masu gyara da dama suka koma cire fad ɗin da ke kan cif suna sa falle. Amma abin da ya dawo da maganar da ƙarfinta shi ne fitowar RTX 3080 da 3090 a Satumban 2020, ɗauke da memorin GDDR6X na kamfanin Micron. A farkon 2021 manhajar HWiNFO ta fara nuna zafin cikin wannan memori, sai mutane suka ga abin da ya ɗaga musu hankali: firosesan kati na zaune lafiya, memori kuwa ya haura digiri 100, a hannun masu haƙar kuɗin kirifto na Ethereum ma har ya kai 110, inda kati ke rage gudu da kansa don kada ya lalace. A Maris ɗin 2022 mai tashar DandyWorks a YouTube ya nuna wani RTX 3070 Ti da memorinsa ya sauko daga 110 zuwa 64 bayan an sa masa falle. Daga nan gardama ta kaure.

To, me ya sa kamfani ke sa fad tun farko? Ba don ya fi sanyaya ba ne. A cikin kati, firosesa ne sarki: dole ƙarfen sanyaya ya kwanta a kansa daram, ba rata ko kaɗan. Cif ɗin memori da ke kewaye da shi sun fi shi gajarta, saboda haka akwai rata tsakaninsu da ƙarfen, sau da yawa daga milimita 1 zuwa 2, kuma ratar ba ta zama daidai daga kati zuwa kati, kai har daga cif zuwa cif. Masana'antar da ke fitar da dubban kati ba ta da lokacin auna kowanne. Sai ta nemi abu mai laushi da zai cike kowace irin rata ba tare da an auna ba. Fad tamkar wando ne mai roba a ƙugu, wanda ke shiga kowa. Falle kuwa ɗinkin tela ne, sai an gwada mutum kafin a sa almakashi.

Lissafin ba shi da wuya. A ma'aunin saurin ratsawar zafi, jan ƙarfe yana kusa da 400. Fad masu tsada na kasuwa ana rubuta musu 12 zuwa 17 a jikin kwali, na gama-gari kuwa ba sa kaiwa rabin haka. Mu ɗauka ratar milimita 2 ce, fad ɗin kuma mai 6 ne. Raba kauri da wannan adadi, za ka sami 0.33, wato girman shingen da zafi zai tsallake ke nan. Yanzu sa jan ƙarfe a wannan ratar: 0.005. Amma falle ba ya zama shi kaɗai, dole a shafa man sanyaya a samansa da ƙasansa. Idan kowane shafi ya kai kaurin milimita 0.1 da man da ke da 5, an ƙara 0.04. Jimilla 0.045, kusan kashi ɗaya cikin bakwai na shingen fad.

Duba wannan lissafi da kyau, domin a nan ne masu suka da masu yabo duka suke kuskure. Jan ƙarfen kansa kusan ba ya tare komai. Shafin man nan biyu sun ninka shi sau takwas. Ke nan nasarar aikin ba ta rataya a kan tsabtar ƙarfen da ka saya ba, ta rataya ne a kan yadda ka matse ratar da ta rage. Wanda ya sa falle siriri ya cike sauran da mai jingim, ya koma gidan jiya. Wanda ya sa mai kauri fiye da kima ya fi shi shiga uku: fallen zai ɗage ƙarfen sanyaya daga kan firosesa, memori ya yi sanyi, firosesa ya ɗau zafi, idan kuma aka ƙara ɗaure noti don a tilasta shi, nauyin ya sauka a kan ƙananan ƙwayoyin dalma da ke riƙe da cif a jikin allo, su tsage.

Shi ya sa na fi son kallon gwani a lokacin awo fiye da lokacin sa ƙarfen. Zai goge tsohon fad da man da ya tsatso daga jikinsa tas. Sai ya mulmula ɗan ƙwallon abu mai laushi irin laka, ya ɗora a kan kowane cif, ya mayar da ƙarfen sanyaya, ya ɗaure notuna a gicciye kamar yadda za su zauna a ƙarshe, sannan ya kwance. Kowane ƙwallo ya baje daidai girman ratarsa. Ya auna su ɗaya bayan ɗaya, ya zaɓi fallen da ya gaza ratar da ɗan kaɗan. Falle sabon yanka yana da kaifi a gefe, wani lokaci ma da ɗan lanƙwasa, don haka zai kwantar da samfefa a kan gilashi ya goga shi har fuskar ta miƙe. Ƙananan kafasito da ke jere a gefen memori ya lulluɓe su da tef ɗin Kapton, mai ruwan zuman nan da ke jure zafi. Man da zai shafa kuma wanda ba ya ɗaukar wuta ne. Bayan duk wannan bai gama ba. Zai haɗa, ya sake kwancewa, ya dubi sawun man da ke kan firosesa. Idan ya baje siriri ko'ina, aiki ya yi. Idan ya taru da kauri a gefe guda, akwai fallen da ya yi tsayi, sai a koma kan samfefa.

Katin da aka ce falle ya kashe, in ka bi sawu, galibi wani mataki ne aka tsallake. Ko ba a auna ba, ko ba a rufe kafasito ba, ko falle ya zame don ba abin da ya riƙe shi.

Masu cewa ai firosesa na ƙara ɗan zafi bayan an sa falle, su sani idan awo ya yi daidai, wannan alamar nasara ce: zafin da dā yake maƙale a memori ne ya sami hanya zuwa ƙarfen da suke tarayya a kai. Masu cewa tamal foti, wato ƙullin nan mai laushi da ake cusawa a rata, ya kashe maganar falle, sun fi kusa da gaskiya, don ya fi sauƙi kuma ba ya haɗa wuta; amma a rata mai faɗi har yanzu bai kamo ƙafar ƙarfe ba, kuma mafi kyawun amfaninsa a wurina shi ne siririn shafi a saman falle, ya shanye ɗan bambancin da awo ya bari. Inda na sallama shi ne bayan RTX 3090, wanda 12 daga cikin cif 24 na memorinsa ke can. Murfin baya ba shi da inda zai kai zafin, don haka falle kaɗai ba zai wadatar ba sai an ƙara masa fanka ko ƙarfen sanyaya.

Haƙar Ethereum da kati ta ƙare a ranar 15 ga Satumba, 2022, amma katunan da suka yi wannan bautar suna nan suna yawo a kasuwar na-hannu, fad ɗinsu ya bushe, wasunsu kuma za su yi aiki ne a garuruwan da zafin bazara ke haura digiri 40. Idan katinka yana cikin garanti, ko memorinsa na zaune ƙasa da digiri 90, bar shi yadda yake. Idan kuwa yana taɓa 105 ko 110, kuma sabon fad bai kawo sauƙi ba, falle ne maganinsa. Sai dai kafin ka miƙa wa mai gyara, ka ce ya nuna maka abin da zai auna ratar da shi. In babu, ɗauki katinka ka yi gaba.