Ludayi da Faifai a Matsayin Kyauta: Sharhi a kan Wani Ra'ayi na Masu Nazarin Al'ada

Akwai ra'ayin da ya zama ruwan dare a cikin kundayen ɗalibai game da kayan ɗakin amarya, watau cewa akushi da ƙoshiya da ludayi da faifai su ne al'ada tsantsa, kwano da tangaran da roba kuwa gurɓata ce da zamani ya kawo. A kan kafa hujja da ƙasar Japan, a ce ga al'ummar da ta ci gaba amma har yau tana kyautar tsinken cin abinci irin na kakanninta. Maƙasudin wannan maƙala shi ne auna wannan kwatance, a ga inda ya tsaya da inda ya rushe.

Da farko, kwatancen yana da madafa. Japanawa suna kiran tsinken hashi, ɗan abin da ake ɗora bakinsa a kai don kada ya taɓa tebur kuwa hashioki. Wannan aikin ne faifai yake yi idan an rufe ƙwaryar fura an ɗora ludayi a kansa. A kan ba ma'aurata tsinke na miji da na mata a haɗe, na mijin ya ɗan fi tsawo, ana ce da shi meotobashi. Masu nazarin karin sauti za su so su lura cewa kalmar hashi tana kuma nufin gada, hawa da saukar murya ne suke bambanta su, kuma wannan kama tana daga abin da ya sa ake ɗaukar kyautar alamar sada zumunci.

To amma nan ne iyakar kamar. A gidan Bajapane kowa da nasa tsinken, ba a yin aro, don haka kyautar ta mutum guda ce. A gidan Bahaushe kuwa a kan haɗa hannu a akushi ɗaya, ludayi ɗaya ya zagaya mashaya. Kyautar mazubi ɗaki take shiga, daga nan ta riƙa fita. Da ita ake kai abinci gidan surukai da maƙwabta, yaron da ya kai ya sami tukwici. Bugu da ƙari, kayan jere dukiyar mace ce ta ƙashin kanta, wadda take iya sayarwa ranar da ta shiga matsi. Duk nazarin da bai kula da waɗannan abubuwa biyu ba, siffar kaya kawai ya gani.

Idan aka fahimci haka, zancen gurɓata sai ya yi rauni. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, aka kafa Sabon Gari jim kaɗan bayan haka, kantuna suka yawaita tsakaninsa da Fagge. Ita kanta Bata, mahaɗar da take tsakanin unguwannin biyu, ta samo sunanta ne daga kantin takalma na kamfanin da aka kafa a garin Zlin a 1894. A shekarun 1960 masu masana'antu daga Hong Kong suka kafa ma'aikatun kwano a Nijeriya, har da Kano. Uwar amarya da ta bar ƙwarya ta koma wa langa da kwalla da samira, daga baya kuma kula, ba ta sauya manufar kyautar ba. Ta zaɓi abin da ba ya fashewa da wuri ne, wanda yake riƙe darajarsa idan an kai shi kasuwa. Harshen ma ya karɓi kayan ya raɗa musu sunaye, kuma wannan shaida ce ta rayuwar al'ada.

Sai dai akwai asara ta haƙiƙa da ra'ayin ya hango, ko da yake bai ambace ta daidai ba: asarar mai sana'a. Tsinken Japan bai tsira don tsabar son gargajiya ba. Yanagi Soetsu da abokansa sun yi fafutukar daraja kayan hannu na talakawa tun shekarun 1920, suka buɗe gidan adana su a Tokyo a 1936, sa'an nan a 1974 aka yi dokar tallafa wa sana'o'in gargajiya. Garin Obama na lardin Fukui har yau shi yake yin mafi yawan tsinke mai fenti na ƙasar. Masassaƙi da mai gyartai da mai ɗinkin faifai ba su sami irin wannan gata ba, shi ya sa kayansu suka fi yawa a Kasuwar Kurmi da Gidan Makama fiye da ɗakin amaryar birni.

Abin da ya kamaci mai bincike ke nan shi ne ya rage jera sunayen kayan da suka ɓace yana juyayi. Ya shiga rumfunan kwanuka na Sabon Gari ya tambayi wa yake saye, don wa, da wane suna ake kiran kowane mazubi, kuma ina yake zuwa bayan biki. Sa'an nan ya nemi masassaƙan da suka rage ya rubuta kalmomin sana'arsu tun suna raye.