Tsokaci a Kan Mawaƙan da Sunansu Ya Rufe Musu Ƙofa

'Yan'uwana ɗalibai da malamanmu, a hutun da ya wuce ina gida Bena, wani ƙanena ya kunna mini kiɗa a wayarsa, ranar kasuwa da yamma. Da farko na ce hayaniya ce kawai. Da na sake saurare sai na ga akwai abin nazari, shi ya sa na kawo shi gaban wannan ƙungiya tamu.

Masu kiɗan wasu baƙaƙen fata ne uku 'yan ɗaki ɗaya, David da Bobby da Dannis Hackney, mutanen Detroit ta Amurka. Sunan ƙungiyarsu Death, wato Mutuwa, kuma David ne ya raɗa shi bayan rasuwar mahaifinsu. A 1975 suka ɗauki waƙoƙi bakwai a ɗakin ɗaukar murya na United Sound. Yadda 'yan'uwan suke bayarwa, wani babban mai kamfanin faifai ya ce zai ɗauke su in sun sauya suna, David ya ce atafau. A 1976 suka buga faifai 500 da kansu, daga nan aka daina jin ɗuriyarsu. David ya rasu a 2000. Sai a 2009 kamfanin Drag City ya fitar da waƙoƙin, aka kuma yi fim a kansu a 2012.

To, mene ne armashin kiɗan? Na farko, sauri. Gangar Dannis tana gudu kamar an koro ta, jita tana bin ta ba numfashi, sai su tsaya cak, su sake ɓarkewa tare. Wannan salo shi ne ya zama tambarin kiɗan da ake kira hadko fank wajen 1980, a hannun irin su Black Flag da Bad Brains. Na biyu, jigo. Sun caccaki 'yan siyasa masu tura matasa yaƙi, a garin da kamfanin Motown ya saba wa kunnuwa da waƙoƙin soyayya.

Amma gaskiya ɗaya ce. Masu cewa su ne suka ƙirƙiro fank sun wuce gona da iri, domin MC5 da The Stooges, su ma na jihar Michigan, sun fitar da faifai tun 1969. Bugu da ƙari, akwai inda suke sassautawa su shiga dogon kiɗa mai jan rai, a nan kam ƙarfinsu yana raguwa. Kuma waƙa bakwai ba ta isa a auna gwani da ita ba.

Abin da ya fi damuna shi ne dalilin mantawa da su. Ba don kiɗan bai yi kyau ba ne, suna ne ya tsorata mutane. Nan take na tuna da Gambu na ƙasarmu ta Kabi, da Kassu Zurmi. Mutane da yawa da sun ji an ce “mai waƙar ɓarayi” sai su toshe kunne, alhali a bakinsu akwai kirari da zambo da tsohuwar Hausa da ba a samu a littafi. Nazarin waƙa ba yarda da halin da ta ambata ba ne.

Mutanen Detroit sun ci sa'a, David da 'yan'uwansa sun adana faifan asali fiye da shekara 30. Mu fa? Makaɗan ƙauyukan ƙasar Zuru, na Hausa da na Dakarkari, wa ke ɗaukar muryarsu? Ina roƙon kowane ɗalibi da zai tafi hutu ya ɗauko ko da waƙa ɗaya ce, ya rubuta sunan mai ita da garinsu, ya kawo wa ƙungiya. Allah Ya sa mu dace.