Shadda a Ƙirƙirarren Harshe: Baƙi Ɗaya ne ko Biyu?

Duk mai ƙirƙirar harshe, don littafi ne ko don fim, wata rana sai ya yi karo da baƙi mai shadda. Haruffan furuci na duniya, IPA, da aka fara bugawa a 1888, sun ba shi hanya biyu: ko ya maimaita baƙin, [anna], ko ya rubuta shi sau ɗaya ya bi shi da alamar tsawo, [anːa]. Da yawa na ganin duk wadda aka ɗauka daidai ne. Ni ban yarda ba, domin kowace hanya akwai abin da take faɗa game da ginin harshen.

Mu ɗauki Quenya, wanda J.R.R. Tolkien ya ƙaga bayan harshen mutanen Finlan ya shiga ransa. A ƙa'idarsa, idan baƙi ya rufe gaɓar da ke kafin ta ƙarshe, a kanta nauyin murya ke sauka. Idan kuwa a buɗe take da gajeren wasali, sai nauyin ya ja baya. Shi ya sa ake danna "len" a Elenna, amma a Oromë gaɓar farko ake dannawa. Ke nan rabin shaddar ya rufe wata gaɓa, rabi ya buɗe ta gabanta. Rubuta [e.len.na] ka ga komai a fili. Rubuta [elenːa], ina za ka sa ɗigon raba gaɓa? Ga harshe irin wannan, maimaitawa ta fi gaskiya, ko da yake a Tengwar, rubutun da Tolkien ya ƙera, layi kawai ake ja ƙarƙashin harafi ɗaya, aikin da shadda ke yi a ajami.

Amma alamar tsawo ma tana da ranarta. Ce "babba" a hankali: a tsakiyar kalmar sau ɗaya leɓɓa suka haɗu, aka riƙe, aka saki. Mai son nuna abin da baki ya yi, [bː] zai rubuta. Haka in dogon baƙin a ƙarshen kalma yake, inda babu gaɓar da za a raba da ita.

Inda mai karatu ke ruɗewa shi ne wurin da harafi biyu ba shadda ba ne. A Na'vi, harshen da Paul Frommer ya yi wa fim ɗin Avatar na 2009, ll da rr matsayin wasali suke tsayawa, don haka ll, alal misali, [l̩] ake rubuta shi, da ɗan layi a ƙasa. A Esperanto kuwa, l biyun da ke cikin mallonga daga mal da longa suka taho, kowanne da gidansa, kuma alamar tsawo sai ta shafe wannan iyaka.

Sai baƙin da ake rubutawa da harafi biyu. A harshen Dothraki, wanda ya ƙirƙire shi, David Peterson, ya zaɓi ssh da kkh maimakon shsh da khkh, dabarar da Bahaushe ya daɗe da sani a gasasshe da kyakkyawa.