Sauyin Ma'ana a Kalmomin Muhawara na Ingilishi: Misalin "Agitate"

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan takarda ita ce ta yi nazarin wasu kalmomin Ingilishi masu nuni da muhawara, domin mu ga yadda ma'anarsu ta sauya, da irin kuskuren da mai karatu ko mai fassara zai tafka idan ya auna tsohon rubutu da ma'aunin yau.

2.0 Daga Girgiza Zuwa Magana

Da yawa daga kalmomin nan sun samo tushe ne daga aikin hannu. "Debate" ta fito daga tsohon Faransanci, inda tushenta ke nufin duka, kuma a tsohon rubutun Ingilishi takan zo da ma'anar husuma. "Discuss" daga Latin take, da ma'anar farfasa abu ko warwatsa shi, har likitocin dā sukan yi amfani da ita wajen bajewar kumburi. Wannan ba baƙon abu ba ne gare mu, tun da "tattauna" daga "tauna" ta fito. Kalmomin nan biyu sun baro fagen faɗa, sun zama na zaman majalisa.

Ita kuwa "agitate" sai ta bi hanya sabanin tasu. Tushenta na Latin motsa abu ne ko girgiza shi, amma a ƙarni na 17 da na 18 takan ɗauki ma'anar jujjuya magana a bainar jama'a don a gano gaskiyarta. Ƙamusun Samuel Johnson na 1755 ya kawo wannan ma'ana, ya kuma bayyana "agitator" da cewa mai gudanar da al'amura ne, yana mai kafa hujja da wakilan soja.

3.0 Wakilan Soja na 1647

Su wane ne waɗannan wakilai? A 1647, bayan yaƙin basasa na farko a Ingila, majalisar dokoki ta yi niyyar sallamar sojojinta ba tare da ta biya su bashin albashinsu duka ba. Sai rundunoni suka zaɓi mutane daga cikinsu don su yi magana da yawunsu, aka kira su "agitators". Su ne suka zauna da manyan hafsoshi a Putney daga 28 ga Oktoba, ƙarƙashin jagorancin Oliver Cromwell, inda aka yi jayayya a kan wanda ya cancanci jefa ƙuri'a. Kanar Rainsborough ya tsaya a kan cewa talaka ma yana da haƙƙi, Henry Ireton kuwa ya ce sai mai dukiya tabbatacciya.

To, idan mai fassara ya kira mutanen nan "masu ta da zaune tsaye", ya yanke musu hukuncin da kalmar ba ta yanke ba a lokacin, ya kuma shiga sahun abokan hamayyarsu ba da saninsa ba. "Wakilai" ita ce fassarar da ta dace.

Sai dai bayanin Johnson shi ma bai gamsar da mu sarai ba. Ya kiyaye tsohuwar ma'ana, amma bai nuna cewa wakilcin nan ya girgiza masu mulki ba. A ganinmu, ma'anonin biyu, wato wakilci da tunzurawa, suna da kusanci a idon mai iko, shi ya sa daga baya ta biyun ta danne ta farko, har kalmar ta zama ta zargi.

4.0 Kammalawa

Abin da muka fahimta shi ne, tushen kalma ba ya yanke hukunci a kan ma'anarta, haka ma amfanin yau. Wajibi ne manazarci ya tambayi shekarar da aka yi rubutu, da bakin da kalmar ta fito, da kuma wanda aka jefa da ita, kafin ya ɗora alƙalami a kan takarda.